Ƙarin Doki 50 a Fuli Ɗaya: Abin da Bidiyon Gyaran Jif Ba Sa Gaya Maka

Wani ɗan'uwana a Kudan, dillalin rake ne, Allah Ya buɗa masa a 'yan shekarun nan, sai ya sayi motar da ya daɗe yana mafarkinta: Range Rover Sport 'yar Kwatano, ƙirar 2008, irin wadda aka rubuta wa Supercharged a baya. Wata shida yana hawa lafiya lau. Ana nan sai ɗansa ya turo masa wani bidiyo. Bature ne a garejinsa, ya cire wani fuli a saman inji ya ɗaura ƙarami, ya jona kwamfuta ya ɗan yi danne-danne, aka taka mota a kan na'urar gwaji, lamba ta haura a allo. Ƙarin doki 50, in ji shi.

Ya kira ni a waya. "Malam, ku da kuke karatun nan, wai gaske ne?" Na ce, "Yaya, gaske ne, amma..." To amma ɗin nan ne bai tsaya ji ba. Aka yi odar fuli, aka samo wani mai gyara ya ɗaura, ya kuma taɓa kwamfutar motar. Cikin watan Afrilu, da rana tsaka, yana hanyar Kano daga Zariya, ya ɗan wuce Tashar Yari, mota ta yi wata irin girgiza ta maƙale a giya ɗaya. Da aka kwance kaskon giyabos, man ya koma baƙi ƙirin yana ƙauri. Kuɗin gyara ya lashe ribar rake ba kaɗan ba.

Irin waɗannan bidiyoyi sun cika YouTube da TikTok, kuma ina kyautata zaton kai ma ka ci karo da su. Ban ce lambar da suke nunawa ƙarya ce ba. Ƙorafina shi ne suna auna abu ɗaya tak, na 'yan daƙiƙoƙi, a ƙasar da ba tamu ba, da man da ba namu ba, sannan su bar mai kallo ya ɗauka motar gaba ɗaya ce ta ƙara lafiya.

Zuga-zugi a kan inji

Injin fetur wuta yake hurawa a cikin silinda, wuta kuwa iska take ci. Kowane giram ɗaya na fetur yana buƙatar iska kimanin giram 14.7 kafin ya ƙone sarai. Shi ya sa ƙara wa inji mai kawai ba ya ƙara masa ƙarfi, sai dai baƙin hayaƙi. Sai an ƙara iska tukuna.

Aikin sufacaja kenan: zuga-zugi ce irin ta maƙera, tana cusa wa inji iskar da ba zai iya shaƙa da kansa ba. Kuma ba misali kawai nake yi ba. Irin wadda ke kan wannan motar ta samo asali ne daga na'urar da wasu 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots, suka yi wa rajista a Amurka a 1860 don hura iska a murhun narka ƙarfe. Sai a 1921 kamfanin Mercedes ya nuna motocin hawa masu ɗauke da ita. Bel ne daga inji yake juya ta. Idan ka rage girman fulinta da kashi 10 cikin 100, za ta riƙa juyawa da saurin da ya ƙaru da kusan kashi 11, iska ta ƙaru, kwamfuta ta ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru. Har nan Bature bai yi maka ƙarya ba.

Amma ka taɓa buga wa tayar keke iska da famfon hannu, ka taɓa gindin famfon? Zafi rau. Duk iskar da aka matse sai ta yi zafi. Mu yi lissafi da yanayin Afrilu a Kudan, lokacin da inuwa ma kan kai digiri 38. Mu ƙaddara sufacaja tana matse iskar zuwa ninki 1.8, kuma kashi 60 na aikinta ne ke tafiya inda ake so. Iskar za ta fito da zafin digiri 130 da 'yan kai. Ka sa ƙaramin fuli, matsi ya kai ninki 2, ingancin ya ɗan sauka tunda ana kora ta fiye da inda aka tsara, sai ka tarar iskar ta doshi digiri 160. Akwai na'urar sanyaya ta kafin ta shiga silinda, ƙaramin lagireto ne mai nasa ruwan daban. Sai dai shi ma da iskar waje yake hucewa, iskar wajen kuma ita ce mai digiri 38 ɗin nan, ta kuma biyo ta ramukan da ƙurar hunturu da ɓuntun ciyawa suka toshe.

Ga wani abu kuma. Yankin Zariya, har da Kudan da Makarfi da Ikara, yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 700 daga teku. Ka haɗa wannan da zafin bazara, sai nauyin iskar da ke cikin kowace lita ya ragu da kusan kashi 15 cikin 100 idan aka kwatanta da bakin teku a Ingila ranar da ake digiri 15. Wato direban da ya ce maka motarsa ba ta ja da rana kamar yadda take ja da asuba, gaskiya ya faɗa. Lambar da ke kan allon Bature kuwa ba ma ainihin abin da aka auna ba ce: na'urar gwajin tana gyara sakamakon ya koma kamar an yi shi a wani tsayayyen yanayi, a ma'aunin SAE na Amurka digiri 25. Gwajin kansa bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba, da ƙatuwar fanka a gaban motar. Ba wanda ya taka ta minti 40 a kan kwalta mai turiri, da mutum biyar a ciki da esi a kunne.

Idan iska mai zafi ta haɗu da matsi mai yawa, wani sashe na fetur yakan fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Wannan fashewar ce ke yin ƙara kamar ana ƙwanƙwasa kwano da cokali. Kada ka haɗa ta da abin da makanikai ke nufi in sun ce inji ya buga. Wancan mutuwa ce, wannan kuwa ciwon da ke kaiwa gare ta ne. Injin yana da kunnen da ke sauraron ƙarar. Da ya ji, kwamfuta sai ta jinkirta wutar fulogi, ta ƙara zuba mai don a sanyaya silinda. Sakamako: dawakin da ka saya sun koma gida, mai kuma yana zurarewa, a zamanin da tun 29 ga Mayu 2023 kowa ya san abin da lita take ci a aljihu.

Abin da ke hana fetur wannan fashewa shi ne ma'aunin da ake kira okten, kuma a nan akwai tarkon da na ga ya kama masu ilimi ma. Fetur ɗin gidajen manmu yana wajen 91 ne a ma'aunin RON, wanda Turai ma ke amfani da shi. Injin nan 95 aka ba da shawarar a ba shi tun ba a taɓa shi ba. Sai ka ji Ba'amurke a bidiyo yana cewa gyaransa yana tafiya da 91, ka ce alhamdulillahi, irin namu ne. Ina! Amurka da wani ma'auni daban take ƙirgawa. 91 ɗinsu ya yi daidai da 95 ko 96 a namu, 93 ɗinsu kuma wajen 98. Wannan fa in man gidan mai ne tsantsa. In na galan ne a bakin titi da aka surka da kalanzir, sai abin da Allah Ya yi.

Inda giya take shan wahala

Dattawan yankinmu sun san injin matse rake na mazarƙwaila tun lokacin da doki ke juya shi. Ana ɗaura dokin a ƙarshen wani dogon itace, yana zagayawa, ƙarafan tsakiya suna murɗe raken. Ka tsawaita itacen, dokin nan ɗaya zai murɗe rake mai kauri cikin sauƙi, sai dai zagayen zai ɗauki lokaci. Ka gajarta shi, zagaye ya yi sauri, amma rake mai tauri ya tsayar da shi. Dokin bai canza ba. Abin da ya canza shi ne ƙarfin murɗawa, wanda ake aunawa da niyuton-mita. Shi kuma ƙarfin doki da ake ta ambato, wanda James Watt ya ƙirƙiro bayan ya lura da dawakin da ke juya injinan zamaninsa, kimanin wat 746, ƙarfin murɗawa ne a ninka shi da saurin juyawa.

Giyabos shi ne wannan itacen, mai tsawo iri-iri. Kuma abin da ke karya shi ƙarfin murɗawa ne da zafi.

Injin motar Yayana mai lita 4.2 ne, doki 390, ƙarfin murɗawa niyuton-mita 550, yana jan jiki mai nauyin sama da tan biyu da rabi. Giyarsa atomatik ce mai hawa shida ta kamfanin ZF na Jamus, samfurin 6HP26, wadda aka ƙayyade mata 600. Ka ga tazarar: 50 kacal. Ƙarin kashi 10 ya cinye ta duka.

Mai kaifin lissafi zai tare ni a nan ya ce, ai yanzu ka gama cewa iskarmu ba ta kai ta Ingila nauyi ba, don haka injin ba zai ma kai 600 ɗin ba. Na yarda, haka ne. Amma 600 ɗin nan ta sabuwar giya ce, mai sabon mai, a zafin da ya dace. Wadda ke ƙarƙashin motar da ta haura shekara 15, ta yi yawo a Turai ko Amurka, ta hau jirgin ruwa, ta zo ta sha ramukan hanyar Hunkuyi, ba wanda ya san nawa ya rage mata.

A cikin giyar atomatik akwai jerin faifan kuloci da matsin mai ke damƙewa. Giyar tana da tata ƙaramar kwamfuta a ciki, kullum suna magana da ta inji. Inji ya ce ga ƙarfin da nake turowa, ita kuma ta damƙe faifan daidai da haka. In za ta canza hawa, takan roƙi inji ya ɗan sassauta na ƙiftawar ido. To mai gyaran da bai san aiki ba yakan bi gajeriyar hanya: don kada giya ta riƙa rage wa inji ƙarfi, sai ya sa injin ya riƙa faɗa mata lambar da ba ta kai gaskiya ba. Kamar ka ce wa ɗan dako buhun nan rabi ne alhali cike yake. Faifan sai su riƙa sulɓi kaɗan-kaɗan. Direba ba ya ji. Sulɓi yana haifar da zafi, zafi yana tsinka mai, tsinkakken mai ba ya damƙa da kyau, sulɓi ya ƙaru. Man giya ya fi son zama tsakanin digiri 80 zuwa 90, kuma akwai wata ƙa'ida da masana man inji ke aiki da ita, wadda ta samo tushe daga binciken Svante Arrhenius na 1889: duk ƙarin digiri 10, saurin lalacewar mai yakan kusan ninkawa. Ƙarin digiri 30 kenan ninki takwas.

Bidiyoyin sukan ba wannan duka jimla ɗaya a ƙarshe, wai in ka ga dama ka inganta giyarka. Kamar canza taya. Wasu su ce a ɗaura mai hawa takwas, 8HP70, da ke ɗaukar 700. Giya ce mai kyau, ba musu. Amma ba ƙarfe ne za ka ɗaure da noti ka tafi ba. Dole kwamfutarta ta fahimci yaren kwamfutar injin da aka ƙera kafin a haife ta, dole a daidaita ta da akwatin da ke raba ƙarfi zuwa tayoyi huɗu. In ka samo ta a Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, wa zai rubuta mata manhajar? In ta yi gardama a Hunkuyi ranar kasuwa, wa zai jona ta ya karanta?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne gyaran da ya fi amfani ya fi kowanne arha, kuma ba ya samun masu kallo. An sayar da motoci da yawa masu wannan giya da cewa manta na har abada ne, ba a canzawa. Kamfanin da ya ƙera ta kuwa ya ba da shawarar a canza tsakanin kilomita 80,000 zuwa 120,000, ko bayan shekara 8, musamman inda mota ke shan wahala. Matatar man a jikin kaskon take, tare ake canza su. Kuma nata man daban ne. Jan man da ake zuba wa kowace atomatik a gareji, wai ai duk man giya ne, santsinsa bai dace da faifanta ba.

Na tambayi Yayana me yake nema da ƙarin dawakin. Ya ce, "Ka san fadama, Malam. In na shiga duba rake, yashi da laka sai ta riƙa nishi." Na yi shiru. Motar nan tana da maɓalli kusa da giya wanda ke sa ta a ƙaramin hawa. Ka tsaya, ka sa ta a N, ka danna, ƙarfin murɗawar da ke isa taya ya ninku sau 2.93. Ya kashe kuɗi yana neman ƙarin kashi 10, alhali kusan ninki uku na nan a gefen hannunsa tun ranar da ya saye ta. Ga shi kuma a ƙaramin hawa giya ba ta sulɓi tana dafa manta kamar yadda take yi in ana ta taka totur a yashi da babban hawa.

A kan kwalta kuwa, jif mai wannan nauyi da ke tafiyar kilomita 100 a awa a shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ta buƙatar ko doki 40 don ture iska da murza taya. Kilomita 100 ɗin nan ita ce iyakar da dokar hanya ta ba ƙananan motoci a babban titi mai tagwayen hanyoyi. Saura doki 350 suna zaune suna jira. Ƙarin 50 a kansu amfaninsa ɗaya ne: ka isa gudun da bai kamata ba da wuri.

Kuma nan ne maganar ta wuce asarar kuɗi. Tun da aka sake gina titin Zariya zuwa Kano ya yi sumul, ƙafa takan yi nauyi. Ƙarfin da ke tattare da mota mai gudu yana ƙaruwa ne da ninkin gudun a kansa. Mota mai kilo 2,600 a gudun 120 tana ɗauke da kusan megajul 1.4. A gudun 160 ya kusa 2.6, wato ƙarin kashi 78 cikin 100 saboda ƙarin gudu na kashi 33. Wannan zafin ya isa ya kai lita 8 na ruwa ga tafasa, kuma birki ne zai shanye shi cikin 'yan daƙiƙoƙi, ta kan tayoyin Beljiyam da wataƙila sun girmi ɗan firamare. Duba gefen tayarka, akwai lambobi huɗu a jere: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Ban taɓa ganin bidiyon da ya auna tsawon tsayawa bayan ya ƙara ƙarfi ba. A bakin wannan titi kuwa akwai masu tallar rake, da 'yan makaranta, da mai babur ɗauke da iyalinsa.

Kada ka ce wannan matsalar masu jif ce, su nawa ne a Kudan. Tunanin ɗaya ne da na a-kori-kura da Kanta da ke kwasar rake da tumatir da barkono daga gonakinmu zuwa Makarfi da Kano. A ƙara ganyen sifirin don ta ɗauki lodi ninki biyu, a ɗaura mata injin da ya fi nata girma don ta ja, a bar mata birkinta da akwatin giyarta da aksul ɗinta na asali. Ranar da za ta gangara da lodi, injin ba shi ne zai tsayar da ita ba.

Makanikanmu dai ba zan yi musu kuɗin goro ba. A wasu wurare sun fi masu bidiyon fahimtar ƙasar nan. Wanda ya ce maka ka ƙara wa giya ƙaramin lagireto na sanyaya mai, ya yi maka nasiha ta gari. Wanda ya fi son giyar hannu ga motar lodi yana da hujja, tunda ba ta dogara da matsin mai da kwamfuta ba, kuma ko a ƙauye za a iya canza mata kuloci. Har masu cire injin irin waɗannan jif su ɗaura na Toyota, duk da wayoyin da suke bari a rataye da fitilun da ba sa mutuwa a dashbod, aƙalla sun gane cewa injin da ake samun kayansa ya fi injin da ya fi ƙarfi. Inda na raba gari da su shi ne cire tamostat da sunan wai na ƙasar sanyi ne. Inji yana da zafin da aka tsara masa, in bai kai ba kwamfuta ƙara mai take yi, ƙarafa kuma suna cin juna. A injina da yawa ma tamostat ɗin ne ke rufe gajeriyar hanyar ruwa ya tilasta masa bi ta lagireto. Ka cire shi, wani ruwan ya riƙa zagaye bai huce ba. Kuma a motoci da dama irin wannan, ruwan nan ne ke sanyaya man giya.

Da Yayana ya tsaya ya ji ƙarshen amma ɗina, da na ce masa ya fara da canza man giya da kaskonta, da man da aka rubuta mata. Ya sa a wanke lagiretocin gaba ɗaya bayan kowane hunturu, a duba ƙaramin famfon lantarkin da ke zagaya ruwan sanyaya iska, domin yakan mutu shiru ba wanda ya sani, mota ta yi ta rasa ƙarfi ana zargin fulogi. Sabuwar matatar iska, sababbin tayoyi huɗu, sabon ruwan birki. Yawancin dawakin da mai tsohuwar mota ke jin sun ɓace suna cikin wannan jerin. In bayan haka har yanzu ransa na son fuli, to sai da mai gyaran da zai nuna masa a kwamfuta zafin iskar da ke shiga inji, da yawan jinkirin da ake yi wa wutar fulogi, da zafin man giya, a kan titinmu, da man gidan manmu, a watan Afrilu.

An ɗaura masa wata giyar irin ta asali, an mayar da fulin kamfani, an kuma mayar wa kwamfuta manhajarta. Ƙaramin fulin yana kan teburin shagonsa, da shi yake danne rasitai kada fanka ta kwashe. Da damina ta sauka ya sake kirana daga fadama, ina jin ƙarar injin a bayansa. "Malam, maɓallin nan da ka ce, na danna. Ashe haka take fita daga laka?"